Ka sayi kat-kat, mota mai jan ƙafa huɗu? Ga yadda za ka gyara ta, ka shirya ta kafin ka shiga daji

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata ya tsayar da wata farar Hilux ƙofar gidana nan Tahoua. Okaziyo ce ya sayo daga Yamai, ya kuwa kashe mata kuɗi: ƙaton ƙarfe a gaba, fitilu huɗu jere a sama, gilasai sun sha baƙi. Ya ce, "Kawu, jibi zan tafi Tchintabaraden. Me ya rage in ƙara mata?"

Na ce, "Ɗana, buɗe mini kapo."

Na kwance tiyon da ke kai iska cikin inji, wanda ke bayan filtar iska, na zura yatsa na shafo cikinsa. Yatsan ya fito da jar ƙura mai laushi kamar hoda. Na nuna masa. Duk ƙurar da ta tsallake filta, cikin inji take zuwa, ta gauraya da baƙin mai, ta yi ta wasa silinda kamar yadda ake wasa wuƙa a dutse. Na zaro sandar gwajin mai, baƙi ƙirin, ga kauri. Radiyata kuwa ruwan rijiya ne cikinta, har ya yi ja don tsatsa. Tafiyar jibi dai ba a yi ta ba.

Shekara 20 da ɗoriya na yi ina tuƙa irin motocin nan tsakanin duwatsun Adar da rairayin Azawak, kuma abin da na gani a motar yaron nan shi nake gani wurin kusan duk wanda ya fara riƙe kat-kat. Kuɗin duk kan abin da ido ke gani suke ƙarewa. Alhali abu uku ne ke kashe mota a ƙasarmu: ƙura, zafi, da gurɓataccen mai. Babu ɗayansu da fitila ko ƙarfen gaba ke tarewa. To, bari in bi da kai yadda maigidana ya bi da ni ina apranti: a fara da ciki, a gangara ƙasa, sannan a zo kan kayan ɗorawa.

Da farko, san abin da ka saya

Akwai ɗan allon ƙarfe cikin kapo ko a jikin ƙofa mai ɗauke da lambar shasi da sunan inji. Gwada lambar shasin da ta kan kart giriz, harafi da harafi, tun jandarma bai yi maka wannan aikin a kan hanya ba. Sunan injin kuma ka haddace shi, don shi za ka riƙa faɗa wa mai sayar da kayan gyara.

In Land Cruiser ce ƴar gidan 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984, galibin waɗanda ke yawo nan inji 1HZ gare su: silinda 6, lita 4.2, babu turbo, babu kwamfuta. Tun 1990 ake ƙera shi. Ba shi da gudu, amma akwai haƙuri, kuma da wuya ka shiga gari a rasa makanikin da ya san shi. Tsofaffin Hilux masu 3L da 5L ma halinsu ke nan. Amma masu 2KD da 1KD, da masu 2GD da 1GD da suka fito daga 2015, da Land Cruiser mai V8, waɗannan gidansu daban. Famfonsu yana tura gazuwal da ƙarfin matsi da ya haura bar 1,300 ta ƴan ƙofofi kamar kaurin gashin kai. Ɗigon ruwa ko ƙwayar yashin da tsohon inji zai haɗiye ya wuce, su sai ya kashe maka injekta.

Sai ka tambaya yaushe aka canja bel ɗin cikin inji, wanda makanikai ke cewa kuruwar distiribisiyo. 1HZ da 5L da 2KD da 1KD duk da shi suke aiki. Ƙa'idarsa kilomita 100,000 a tsofaffi, 150,000 a na baya-baya, kuma akwai fitila a tablo mai rubutun T-BELT da ke tunatarwa. Sai dai ana iya kashe fitilar ba a canja komai ba, lissafin kilomitan motar okaziyo kuma ba abin rantsuwa ba ne. In ba a nuna maka shaida ba, canja shi, haɗe da ƴar tayar da ke ɗaure shi. In ya tsinke kana tafe, fistan ne zai daki bawul, inji ya tashi aiki nan take. Masu 2GD da 1GD sarƙa gare su, Nissan Patrol mai TD42 kuma haƙoran ƙarfe, su ba ruwansu da wannan.

Sayi ɗan littafi ka ajiye aljihun tablo. Duk abin da aka canja, rubuta rana da kilomita.

Juyen farko: komai da komai

Ɗauka wanda ya sayar maka bai taɓa yi mata bidanj, wato juyen mai, ba. Ware yini guda, ka je garaji ka zauna da kanka, kada ka miƙa makulli ka tafi. A ranar nan ne za ka san motarka.

A fara da baƙin mai. A tayar da inji ya yi ɗumi kamar minti 10, a kashe, a kwance ƙusar ƙasa, a bar shi ya tsiyaye tas. A sa sabon zobe a ƙusar. Sabuwar filta a shafa wa robar bakinta ɗan mai, a ɗaura da hannu, ba da ƙarfe ba. A zuba mai, a tayar minti 2, a kashe, a jira minti 5, sannan a gwada, mota na tsaye wuri mai daidai. Tsofaffin injuna 15W-40 na gazuwal suke so. 1HZ kan sha tsakanin lita 9 da 11, gwargwadon samfurin. Sababbi ka bi lambar da ke littafinsu. Ko da littafin ya ce kilomita 10,000, lissafin ƙasashen da ba su san hunturu ba ne. Nan 5,000 ne. Man kuma ka saya rufe da hatiminsa, a fasa gabanka. Filta ta jabu ta cika kasuwa, kwalinta kamar na gaske. Ɗaga ta ka ji nauyi, leƙa cikinta ka ga aikin. Araha ba ta ado, nan kuwa har inji take ci.

Filtar iska ita ce ƙofar gida. In ta yage ko da ƙanƙane, ko robar bakinta ta bushe ta tsage, jefar da ita. In ƙura ce kawai, a hura ta daga ciki zuwa waje, da iska marar ƙarfi sosai. Na sha ganin yara a garaji suna buga ta da taya ko su hura daga waje. Bugu yana tsaga takardar, hurawa daga waje kuma cusa ƙurar yake yi ciki. Kafin ka mayar, goge cikin gidanta da ɗanyen tsumma, ka tabbata murfin ya zauna, duk maƙallan sun kama. Land Cruiser tana da ɗan kofi a gindin gidan filtar inda ƙura mai nauyi ke taruwa, zazzage shi. Lokacin hunturu, ko in kuna tafiya ayari kana shan ƙurar na gaba, kowace safiya ake wannan aikin.

Sai filtar gazuwal. A gindinta akwai ɗan famfon roba. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, can yake kwanciya. Tara kwalba mai haske, sassauta famfon, danna ɗan famfon hannu da ke saman filtar, ka ga abin da ke fita. In ruwa ne za ka gan shi kwance ƙasan kwalbar. Bari ya zuba har sai mai zalla ya biyo, ka ɗaure. Koyi wannan da hannunka, da yadda ake fitar da iska bayan an canja filta, don ranar da mota ta fara shaƙewa tsakanin Abalak da Tchinta babu wanda zai yi maka. Ka riƙa ɗaukar filta biyu na ajiya. In injinka na zamani ne, a ƙara maka filta ta biyu mai raba ruwa kafin ta asali. Wannan ƙarin ya fi fitilu goma amfani.

Tun 2011 da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki muna da gazuwal na gida, to sha a gidan mai mai ciniki, ka cika tanki tun daga gari. In larura ta kai ka ga ƴan ruwa-ruwa ko mai tano a ƙauye, bar bidon ya zauna ya kwanta, zuba ta mazurari mai raga, kada ka juye ɗan na ƙasan.

Ruwan inji, inda zafi ke kama mutane

A watan Afrilu da Mayu zafin Tahoua yana haura digiri 40, kana cikin rairayi da ƙaramar giya, inji na ihu, iskar da ke bugun gaba kuma kaɗan. Nan ne duk wani rauni na radiyata ke bayyana.

A zubar da tsohon ruwa, a wanke har ya fito fari. In ƙofofinta sun toshe, a kai wa mai gyaran radiyata ya buɗe ya tsefe. Abin da za a zuba shi ne ruwan sanyaya inji na galan, ja ko kore, amma kada a gauraya kala biyu. Ruwan rijiya da na famfo suna barin farar ƙasa irin wadda kake gani a gindin butar shayi, ita ke toshe ƙofofin, ga tsatsa. Matsa kowane tiyo da hannu: wanda ya yi laushi kamar dafaffe, ko ya bushe ƙandas, ya gama aiki. Murfin radiyata ɗan abu ne mai arha, sa sabo. Fanka kuma, in inji ya yi zafi ka kashe shi, juya ta da hannu. Ya kamata ka ji tana riƙewa. In ta yi ta juyawa sakaka, man cikinta ya ƙare, ba ta jan iska yadda ya kamata.

Wasu makanikai, da kyakkyawar niyya, za su ce a cire kalorsta, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi ɗumi, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Ni ban yarda ba. A inji irin 1HZ, in kalorsta ta buɗe hanyar radiyata tana rufe wata gajeruwar hanya ta cikin inji. Ka cire ta, wani ruwan ya riƙa kewayawa ciki bai leƙa radiyata ba. Ga kuma safiyar Janairu da inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, yana shan mai yana cin kansa. In ta lalace a sa sabuwa.

Akwai abin da littafin Japan bai sani ba: karangiya. Wata shekara cikin Oktoba, damina ta yi kyau, muna arewa da Abalak kan wata hanya da ciyawa ta rufe tsakiyarta. Na ga allurar zafi tana hawa sannu-sannu. Da na buɗe, fuskar radiyata ta zama kamar an lulluɓa mata bargo, ƴaƴan ciyawa da karangiya sun cushe kowace ƙofa. Awa biyu muka yi ƙarƙashin wata aduwa, ni da yaron mota, muna tsintsa da ƙaya muna hurawa daga baya. Tun ranar, bayan damina nakan ɗaura ragar waya irin ta taga a gaba, in riƙa tsayawa ina kakkaɓewa, in na hau kwalta in cire don tana rage iska. Ka kuma riƙa leƙa ƙasa, busasshiyar ciyawa kan naɗe jikin salansa. Gobarar mota ke nan, kuma gobarar daji ke nan, wadda ke cinye abincin dabbobin mutane na shekara.

In allura ta hau, kashe kilim, tsaya. In ruwa bai zuba ba kuma bel na nan, bar inji yana aiki a hankali ya huce. In tururi ke tashi, kashe nan take. Kada ka taɓa murfin radiyata sai bayan minti 30 aƙalla, kada kuma ka kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan inji fashewa yake.

Shiga ƙarƙashinta

Shimfiɗa tabarma ka kwanta. Wurare huɗu ne ke da mai: buwat, wato akwatin giya, buwat ɗin taransfer da ke raba ƙarfi gaba da baya, pon na gaba, da pon na baya, wato dunƙulen da ke raba ƙarfi tsakanin tayar hagu da ta dama. Kowanne ƙusa biyu gare shi, ta zubawa a gefe, ta juyewa a ƙasa. Kullum ta zubawa ake fara kwancewa, don in ka juye mai sannan ta sama ta ƙi, ka zauna. Man pon galibi 80W-90 ne mai alamar GL-5, na buwat galibi 75W-90. Ana zubawa har ya fara dawowa ta bakin ƙofar. Dubi ƙusar ƙasa, tana da maganaɗisu: laushin gari baƙi ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe alamar haƙori na ci ne. Man da ya fito fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Bayan wannan juyen, kowane kilomita 40,000 ya isa.

Giris kuwa duk bidanj. Jikin kardan, sandar da ke kai ƙarfi zuwa pon, akwai ƴan kawunan da ake bugawa, goge kowanne kafin a buga don kada a tura yashi ciki. Motoci masu pon ɗin gaba sanda guda, irin Land Cruiser 70 da Patrol, suna da dunƙulen ƙarfe bayan kowace tayar gaba. In ka ga baƙin ruwan mai na tsiyaya nan, robar ciki ta mutu, man pon ya haɗu da giris, a buɗe a gyara. Hilux ta zamani robobi ne masu lanƙwasa, in ɗaya ya yage yashi zai cinye mahaɗar cikin ƴan kwanaki.

A ɗaga tayar gaba. Kama sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. Duk ƙwas-ƙwas ɗin da ka ji, a nemo shi. Ƙirga lam ɗin baya, wato falayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ɗaya-ɗaya ko akwai karyayye, a ƙara ɗaure ƙusoshin da ke riƙe su da pon. Amortisa mai yoyo ta mutu. Wadda ba ta yoyo, taɓa ta bayan tafiya kan hanya mai gargada: mai aiki ɗumi take yi, matacciya sanyi ƙalau. Man birki a canja shi duk shekara 2. Batir a ɗaure shi kam, don gargada da zafi ne ke kashe shi, a wanke kawunansa, in mai buɗewa ne a ƙara masa ruwan batir, ba na famfo ba.

Ƙaramar sandar giya

H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, na kwalta ne. H4, inda duka huɗun ke ja, na jar hanya mai santsi, rairayi da laka. L4 na wurin da ake son ƙarfi ba gudu ba, kuma sai an tsaya cak ake sa shi. In tayoyin gabanka na da abin murɗawa mai FREE da LOCK, sai ka sauka ka mayar da duka biyun LOCK, in ba haka ba sandar banza ka ja. Kada ka yi tafiya da H4 kan kwalta: gaba da baya a ɗaure suke, a kwana ɗaya na son ya fi ɗaya juyawa, babu inda zai zame, sai ƙarfin ya koma kan taransfer da kardan. Prado da manyan Land Cruiser masu jan ƙafa huɗu kullum, su maɓallin kulle tsakiya ne ba a dannawa a kwalta. Sau ɗaya a wata, ko ba ka da tafiya, sa LOCK ka yi kamar kilomita 15 don mai ya zagaya pon ɗin gaba.

Taya

Nan ne ba a rowa. Duwatsun Keita da Bouza gefen taya suke yanka, ƙayar aduwa da bagaruwa kuma ba ta jin kunyar tayar birni. Nemi mai alamar LT ko mai rubutun 8PR, 10PR zuwa sama, duk huɗun girma ɗaya, har da ta ajiya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara 6, ko zanenta na nan raɗau, robar ta tsufa, zafin kwaltar Konni zuwa Dogondoutchi zai iya fasa ta. Tayar okaziyo da ake kawowa daga ƙasashen sanyi, musamman ta ƙanƙara, ka bar ta inda ka gan ta.

Da kilo muke auna iska, kuma da safe ake aunawa, taya na sanyi. A kwalta bi abin da ke rubuce jikin ƙofa. A jar hanya mai gargada rage kamar kashi ɗaya cikin biyar, ka rage gudu. A rairayi mai laushi sauko zuwa 1.5, in ta ƙi har 1.2, amma a hankali, babu kwana mai kaifi. Da ka fita, mayar da iska, don taya marar iska kan ƙasa mai tauri zafi take yi ta fashe. In ka auna da rana ka ga iska ta hau, ƙyale ta, zafi ne. Masu 7.50R16 da shambur da zobe: in ana hura ta, zoben ya dubi ƙasa, kowa ya ja baya. Zoben nan in ya fita kisa yake yi.

Yanzu a zo kan kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya, to ka tara su tun yanzu, kuma ga yadda zan jera su in kuɗin ba su isa duka ba. Ma'aunin iska da kwampuresa mai kama batir kai tsaye su ne farko, don ba ka da ikon rage iska in ba ka da abin mayarwa. Sai taya ta biyu ta ajiya da kayan faci. Sai felu mai doguwar ƙota, kirik mai ƙarfi da katako mai kauri da za a ɗora shi a rairayi, tol biyu, wato falayen ƙarfe na fita yashi, da igiyar ja mai faɗi wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka.

Cikin akwati: kile 8, 10, 12, 14, 17, 19, da 21 ko 22, su ne lambobin motar Japan. Filaya, sukuddireba, guduma, waya, salatif, fis, wayoyin tayar da batir, tocila. Bel na fanka, tiyon radiyata na sama da na ƙasa, filtoci, baƙin mai lita 5, man birki. Tsofaffin bel da tiyon da ka cire, in da sauran rai, su ne ajiyarka. Abin kashe gobara a ɗaure shi inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin buhuna ba. Akwatin magani. Ruwan sha aƙalla lita 5 ga kowane mutum a yini, da bazara ninka, ka ƙara na kwana biyu, a raba cikin bidon da yawa don in ɗaya ya fashe. Na mota lita 20 daban. Lissafin mai kuma kada ka yi shi da na kwalta, a rairayi shan yakan ƙaru da rabi, wani lokaci ya kusa ninkawa.

Bututun iska da ake ɗorawa gefen gilashi yana da amfani, don sama ƙura ta fi sauƙi, muddin an liƙe mahaɗansa sosai. Ƙarfen gaba yana tare radiyata in an yi karo da dabba, amma nauyi ne kan amortisa, kuma abin da ya fi shi tsaro shi ne kada ka yi tafiyar dare. Raƙumi da jaki ba su da fitila. Injin ja mai waya na gaba tsada gare shi, a rairayi kuma ina iccen da za ka ɗaura? Duk wata fitila ko firiji da za a ƙara, a sa mata fis kusa da batir, waya kuma kada ta gogi ƙarfe.

Wajen lodi, mai nauyi ƙasa, kuma tsakanin tayoyin gaba da na baya. Bidon ɗin ruwa mai lita 20 kilo 20 ne, ka lissafa. Saman mota na tabarma da katifa ne. Bidon a sama shi ke kifar da mota a gangaren tudu, nauyi a can ƙarshen baya kuma shi ke lanƙwasa shasin Hilux mai gida biyu. Komai a ɗaure.

Gwada kusa da gida

Kafin doguwar tafiya, ɗauki wanda ya saba, ku fita bayan gari inda akwai rairayi, ka kafe motar da gangan. Da ka ji taya na juyawa mota ba ta gaba, ɗaga ƙafa, ƙarin wuta rami kawai yake haƙawa. Sauka, rage iska, kwashe yashin gaban tayoyi huɗu da na ƙarƙashin pon, miƙe sitiyari, cusa tol, sa L4 giya ta biyu, fita a hankali. Sau da yawa komawa baya kan sawunka ya fi sauƙi. In ja za a yi, a ɗaura igiya a ƙugiyar da ke jikin shasi. Dunƙulen jan tirela na baya ba wurin ɗaurawa ba ne, karyewa yake ya tashi kamar harsashi. A yafa bargo tsakiyar igiyar, mutane su yi nisa. Canja taya ma ka yi da hannunka ranar nan.

Kori kuma, daga Yuni zuwa Satumba, in yana gudu jira shi. Ruwan da aka yi kan tudu, ko ɗigo bai sauka kanka ba, shi ke cika korayen Maggia da na Keita cikin ɗan lokaci, kuma yakan janye cikin sa'o'i. In ya kwanta, taka da ƙafa tukuna. Ya wuce gwiwa ko yana jan ƙafarka, ba a shiga. In za ka shiga, L4, giya ɗaya tun daga baki har fita, sannan ka tattaka birki ya bushe.

Takardu su cika: permi, kart giriz, asirans, bizit teknik, binyet. Maganar tsaro kuwa ba ta wasa ba ce. Tillia da Tassara suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma irin motar nan ce miyagu suka fi nema. Tambayi jandarmomi halin hanya da ƙa'idar ɗaukar mai cikin bidon kafin ka tashi, don akwai wuraren da aka taƙaita shi. Arewa ba a shiga da mota ɗaya. Faɗa wa na gida hanyar da za ka bi da lokacin isa, don waya ɗaukewa take da ka bar kwalta. In mota ta mutu, zauna wurinta, ita ake fara gani. Lambar ƴan sanda 17, ta ƴan kwana-kwana 18.

In ka dawo, kada ka bari sai wata tafiyar. Washegari da safe a wanke ƙarƙashinta, a buga giris, a bi ƙusoshin taya da na lam da kile. In ka ratsa ruwa, buɗe ƙusar pon ka ga launin mai. Tsiyaye gindin filtar gazuwal, tsince ƙayoyin da suka maƙale a taya kafin su ida shiga. Sannan kwance tiyon nan na bayan filtar iska ka shafa da yatsa. In ya fito da ƙura, bi layin tun daga murfi har bakin inji, maƙalli bayan maƙalli, sai ka gano inda take shiga. Kada a tayar da motar sai an toshe wurin.